Kaya a Tafin Hannu

Kalmar da ta hana ni sakat kwanakin nan gajeriya ce, gaɓa biyu kacal: kaya. 'Yata ce ta janyo min ita. Wata Asabar bayan la'asar na shimfiɗa layin dogo a kan tabarma, ina jera taragai, sai ta durƙusa kusa da ni, ta ɗauki kwantena ɗaya da yatsu biyu, ta kai kunne ta girgiza. "Baba, wane kaya ne a ciki?" Na ce babu komai. Ta ce, "To me ya sa kake ce masa jirgin kaya?" Ta ajiye ta koma wajen wasanta, ni kuwa har yau ina nan inda ta bar ni.

Abin da ta ɗauka bai wuce santimita biyu da rabi ba. Launinsa ja ne mai duhu, kamar zoɓo da aka jiƙa ya kwana. In ka kawo shi kusa da ido za ka ga ƙofofinsa da sakatunsu, da lambarsa da farin rubutu, da ramukan ƙasa inda motar lodi ke zura haƙoranta ta ɗaga shi. Na gaskiyar, wanda aka kwaikwaya, tsawonsa ƙafa 12 ne, yana cin kaya tan 5, kuma biyar ake ɗora wa kowane tarago. Ƙanena ne ya fara kawo min irin waɗannan tsaraba lokacin da ya dawo daga karatu a Japan: kan jirgi ɗaya, tarago biyu, da 'yan guntayen layi da ake harhaɗawa su zama da'ira. Daga nan na ci gaba da saye ɗaya bayan ɗaya ta intanet, yawanci na hannu, wani lokaci in yi wata biyu ina jiran ƙunshin da bai kai nauyin ƙwai ba.

Bahaushe ya ɗora wa kalmar kaya nauyi mai yawa, ita kuma ba ta taɓa gazawa ba. Abin da ka sa a jiki kaya ne, abin da ka zuba a tukunya kayan miya ne, abin da ke cikin rago bayan an feɗe shi kayan ciki ne. Amarya ba ta tarewa sai da kayan ɗaki, kafin nan kuma sai an kai kayan lefe an buɗe akwati mata sun gani. Maƙeri na da kayan aiki, makaɗi na da kayan kiɗa, mai azumi na jiran kayan buɗa baki. Ko abin da ba a taɓawa da hannu ya shiga: kayan kunya, kayan haushi, kayan takaici. Wanda ya gaji tiɓis sai ya zube kamar kayan wanki. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda kalmar ba ta tsaya wuri ɗaya ba tsakanin tilo da jam'i. Mukan ce kaya ya yi nauyi, mu kuma ce kaya sun iso, babu wanda zai gyara mana ko ɗaya. Jirgin kaya ma haka yake. Daga nesa abu ɗaya ne mai tsawo yana jan jiki, in ya matso sai ya zama ayari, kowane tarago da lambarsa da mai shi da inda za a kai shi.

Ga kuma maƙwabciyarta, kai. Da kai ake ɗaukar kaya, kai su ake yi inda aka aika, kuma kai ne za a tambaya in ba su isa ba. Kalmomi uku ne daban-daban, amma duk sanda na furta su a jere sai in ga ɗan dako a bakin kasuwa, gammo a ka, yana ratsa jama'a da buhun da ba nasa ba.

Japanawa suna da kalmomi biyu a inda muke da ɗaya. Kayan da matafiyi ke riƙe da su, jaka ko ƙunshi, nimotsu ne. Kayan da ake yi wa lodi a aika ba tare da mai su ba, kamotsu ne. Ta farkon har mutum suke jifa da ita, su ce wane ya zama nimotsu, daidai da yadda muke cewa wane ya zame mana kaya. Ta biyun kuwa ita ce a sunan kamfanin da nake tara hotunan jiragensa na roba da ƙarfe, wato JR Kamotsu. An kafa shi ranar 1 ga Afrilu, 1987, lokacin da aka raba hukumar jiragen ƙasa ta gwamnati gida bakwai: kamfanoni shida na fasinja, kowanne da yankinsa, sai ɗaya na kaya da aka bar wa ƙasar baki ɗaya. An ba shi ƙasar, amma ba a ba shi hanyar ba. Kusan duk layin da yake bi na kamfanonin fasinja ne, kuɗin haya yake biya. Saboda haka baƙo ne a kan dogo. In jirgin fasinja ya taho, shi ne mai ratsewa ya tsaya. Mafi yawan tafiyarsa sai dare ya raba, lokacin da masu gida suka yi barci.

Ina jin daga nan soyayyar ta samo tushe. Mai sha'awar jirgin fasinja yana iya sayen tikiti ya zauna kusa da taga, ya ci abinci, ya sauka. Jirgin kaya ba ya sayar da tikiti. Iyakar rabonka da shi tsayuwa a kan gada ko ƙarshen dandamalin tasha, ka ji ƙasa ta fara rawa, ya wuce ka cikin minti ɗaya, ka bi jar fitilar bayansa da kallo. Duk shekara ana buga littafin jadawalin jiragen kaya a Japan, ana sayar wa kowa, kuma da yawa daga cikin masu sayensa ba su da ko kwali ɗaya da za su aika. So suke kawai su san ƙarfe nawa zai wuce. Wanda son abin ya kai shi haka, kuma ba shi da damar hawa, me ya rage masa in ba ya samu ƙaraminsa ya riƙe a hannu ba?

Sunayen taragan ne suka fara kama ni tun kafin siffarsu. A gefen kowanne akwai harufa biyu da lamba. Harafin farko yana faɗin irin taragon: ko na kwantena ne, ta na tankin mai, wa na rufaffen tarago mai ƙofa, ho na wanda ake zuba tsakuwa ko farar ƙasa a buɗe ƙasansa su zube. Kunnen Bahaushe ba zai yi baƙunta a nan ba, domin abin da muke kira kwantena su kontena suke cewa, tanki kuma tanku. Kasuwa ɗaya muka yi aron. Harafi na biyu shi ne na nauyi. Mu na ɗaukar tan 14 zuwa 16, ra 17 zuwa 19, sa 20 zuwa 24, ki kuwa daga 25 zuwa sama. In ka haɗa huɗun sai su ba ka murasaki, sunan launin shunayya a harshensu, da haka ake haddace su. Ke nan Koki yana nufin mai ɗaukar kwantena mai ƙarfin wuya, Taki tanki babba, Wamu kuma ɗan rufaffen tarago matsakaici. Na daɗe ina tunanin wannan tsari na raɗa suna, inda ake kiran abu da gwargwadon abin da zai iya ɗauka. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan lissafi sarai: akwai kayan jaki, akwai na takarkari, akwai na ɗan alaro, kuma madugun da ya ɗora wa wani kayan wani, a hanya zai gane kurensa.

Kawunan jiragen kuwa har kirari gare su. Samfurin EF210, wanda ya fito a 1996, ana kiransa Momotaro, sunan yaron tatsuniyarsu da aka tsinta a cikin 'ya'yan itace ya girma ya je ya ci dodanni da yaƙi. An ba shi sunan ne don a Okayama aka fara ajiye shi, garin da ake dangantawa da tatsuniyar. EH500, ja mai gangar jiki biyu da aka haɗa, shi ne Kintaro, yaron nan mai ƙarfi da ke kokawa da namun daji, har an zana shi a gefen jirgin riƙe da gatarinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Kano zuwa Zariya yana karanta abin da direbobi ke rubutawa a goshin manyan motocinsu ya san wannan ɗabi'a. Mutum ba ya iya barin abin da ke ja masa kaya babu suna.

Ma'aunin da akasarin masu tarawa ke bi shi ne wanda ake kira N: kowane santimita ɗaya na ƙaramin yana wakiltar 150 na babban, tsakanin ƙarafan layi biyu kuma milimita 9. Kamfanin Kato ne ya fara yin irinsa a Japan a 1965, Tomix ya biyo baya a 1976, kuma har yau su biyun ne manyan kasuwar. Ƙanƙantar ta dace da gidajen birni irin na Tokiyo da Osaka, inda ɗaki ba shi da yalwa. Akwatunan ajiyarsu ma siffar littafi aka yi musu, ciki da soso mai gurabe, a jera su a kanta kamar littattafai. Wanda ba shi da wurin shimfiɗa layi yakan ɗauki akwatinsa ya je shagon da aka gina babban fili mai duwatsu da gadoji da tashoshi, ya biya kuɗin awa ɗaya ya saki jirginsa ya zagaya.

Akwai wani ɗan saɓani a ma'aunin da masu abin suka sani suka kuma haƙura da shi. Faɗin layin da jiragen kayan Japan ke bi milimita 1,067 ne. In ka raba da 150, bakwai da ɗan kai za ka samu, ba tara ba. Ke nan ƙafafun ƙaramin jirgin sun ɗan fi na babban buɗewa. Amma lambar nan ta 1,067 ta tsayar da ni saboda wani dalili dabam. Ita ce faɗin tsohon layin dogonmu, ƙafa uku da inci shida. Injiniyoyin Ingila ne suka shimfiɗa wa Japan layinta na farko tsakanin Shimbashi da Yokohama a 1872, kuma da irin wannan faɗi layin dogo ya iso Kano a 1911. Da za a ɗauko Koki na gaske a ɗora shi a layin da ya bi ta Zariya, ƙafafunsa za su zauna daram. Na san mutanen da suka girma suna ganin dalar gyaɗa a Kano, buhu kan buhu har sama, kuma dalar nan ba don ado aka gina ta ba: kaya ne da ke jiran tarago. Muna cewa wane ya ɗauki Dala ba gammo in ya rungumi abin da ya fi ƙarfinsa. Dalar gyaɗa kuwa an ɗauke ta da gaske, buhu-buhu, a kan 'yan lodi zuwa cikin tarago, daga nan sai bakin teku. Ba zan ɓoye ba, duk sanda na saki ƙaramin jirgina akwai wani ɓangare na zuciyata da ke jin kewar jirgin da bai kamata a ce ya yi ƙaranci a ƙasarmu ba.

Tara jirgin kaya ya sha bamban da tara na fasinja. Na fasinja yana da iyaka: in taragansa takwas ne, ka sayi takwas ka gama. Na kaya ba ya ƙarewa. Mafi tsawon jiragen kwantena a babban layin da ya haɗa Tokiyo da yammacin ƙasar tarago 26 yake ja, kwantena 130, abin da sai manyan motoci 65 masu tan goma-goma za su kwashe. Kowane Koki a ma'aunin N ya ɗan haura santimita 13, saboda haka cikakken jirgi ya wuce mita uku da rabi, ya fi tsawon ɗakuna da yawa. Sannan babu rana biyu da lodin ke zama iri ɗaya. Yau ja biyar a jere, gobe fari mai sanyaya kaya a tsakiya, jibi doguwar kwantenar wani kamfanin aika saƙo ta cinye gurbi biyu da rabi. Gwanayen abin sukan duba hoton jirgin da aka ɗauka a wata rana takamaimai su jera nasu daidai da shi. Kuma a wurinsu na koyi cewa giɓi ma kaya ne. Sabon shiga yana cika kowane tarago maƙil. Wanda ya daɗe yana kallon na gaske yakan bar gurbi ɗaya ko biyu fayau, ana hango ƙashin taragon da bututun birki ta ciki, domin haka suke tafiya a zahiri, ba kullum kasuwa ke cika ba.

Aikin hannu ne mai cin ido. Sabon tarago yakan zo da ɗan makarin ƙarshe da ƙaramin sitiyarin birki a rabe, sai ka sa hantsaki ka dasa su a ramukan da ba su fi bakin allura ba. In ka sayi tarago goma iri ɗaya, lamba ɗaya za ka gani a jikinsu duka, alhali a kan dogo babu biyu masu lamba ɗaya. Sai ka nemo takardar lambobi ka goga wa kowanne tasa. Daga nan sai aikin da ya fi kowanne daɗi a wurina, wato tsufar da shi. Jirgin kaya na gaske ba ya sheƙi. Ƙurar birki tana rina ƙasansa launin tsatsa, ruwan sama yana ja wa kwantena zane daga rufi zuwa ƙasa. Sai in sami busasshen burushi in dangwali garin launi ruwan ƙasa, in kakkaɓe har ya kusa ƙarewa, sannan in shafa daga ƙafafu zuwa sama a hankali. Rannan na ɗauki kusan awa ɗaya a kan tarago ɗaya, da na ajiye shi kusa da sabo sai na ga kamar ya yi nauyi, kamar ya kwana a hanya. Ƙurar hunturu kuwa ba na wasa da ita. Wutar da ke tafiyar da jirgin ta cikin ƙarafan layi take bi, in ƙura ta kwanta musu sai ka ga kan jirgi yana tuntuɓe, fitilarsa na ƙyaftawa. Kafin kowace tafiya sai na goge layin da tsumma mai laushi.

Wasu taragan sai a kanta kaɗai suka rage da aiki. Wamu 80000, ɗan rufaffen tarago ruwan ƙasa, an ƙera fiye da 26,000 nasa, ya yi ta jigilar takarda har 2012 da aka sallame shi. Tun a 1984 aka daina tsohon tsarin tara taragai a manyan zangogi ana warware su ana sake ƙulla su gwargwadon inda kowanne ya nufa. Kwantena ta karɓe aikin. Wanda ya jera Wamu da tarago buɗaɗɗe da ɗan ɗakin mai gadi a wutsiya, wani zamani ne yake rayarwa, kamar mai ajiye tsohon tandu ko mangala a ɗakin baya.

Ina da tankokin mai guda huɗu, Taki 1000, kore da toka-toka, kuma ba na ɗaukarsu ban tuna watan Maris na 2011 ba. Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku, arewa maso gabashin Japan ya wayi gari babu mai, ga sanyi, ga babban layin da ke zuwa can ya yanke. Ranar 18 ga wata jirgi mai tankoki 18 ya tashi daga Negishi, kusa da Yokohama, ya zagaya ta gaɓar yamma, ta Niigata da Akita da Aomori, tafiyar fiye da kilomita 1,000, sannan ya gangaro Morioka. Bayan mako guda aka buɗe hanya ta biyu zuwa Koriyama ta cikin duwatsu, a layin da wani ɓangarensa ba shi da wayar lantarki, aka tattaro tsofaffin kawunan jirgi masu amfani da dizal, samfurin DD51, daga sassan ƙasar. Jirgin farko ya maƙale a hawa cikin dusar ƙanƙara, ƙafafunsa na zamewa, sai da wani kan jirgi ya zo ya tura shi ta baya. Bahaushe ya ce kaya ya tsinke a gindin kaba in matsala ta faɗo inda maganinta yake. A nan kabar ba tsiro ta yi da kanta ba: tsohon layi ne da ba a cire ba, da tsofaffin injuna da ba a riga an yanka ba, da direbobin da suka yarda su fita. Tun daga lokacin nake ganin kusancin kaya da amana. Direban jirgin kwantena yana kwana da abin da ba nasa ba, bai ga cikinsa ba, bai san mai jiransa ba, aikinsa ya kai shi a kan lokaci.

Yaran Japan suna da wani wasa da suke yi da waƙar jirgin kaya. Kowa na zagayawa shi kaɗai, in waƙa ta tsaya sai biyu su yi canke da hannu, wanda aka ci ya koma bayan wanda ya ci ya dafa kafaɗarsa. Haka za a yi ta yi har ɗakin duka ya zama jirgi ɗaya. Mu kuma mun taso muna fere karan dawa muna yin mota, mu yanka ƙafafu da tsohon silifa, mu yi mata lodin tsakuwa ko ƙwallon goriba mu ja da zare. Ban taɓa ganin yaron da ya ƙera motar kara ya bar ta babu lodi ba. Shi ya sa tambayar 'yata ta zauna daidai. A wurinta mota sai da kaya. Mutane sukan ga tarina su ce, "Malam, ai wannan kayan wasa ne," ni kuma ba na musu, domin ko a wannan suna kalmar tana nan. Jirgin kaya ne da ya zama kaya shi kansa, ya ƙetare teku a cikin kwali, wataƙila ma a cikin kwantenar gaske.

Daga baya na kira 'yata na ce ta zaɓa wa kowace kwantena abin da ke ciki. Ba ta yi jinkiri ba: wannan shinkafa, wannan littattafai, wannan takalma. Da ta zo kan masu 'yan tagogin shan iska a gefe sai ta yi shiru, na ce mata waɗannan na kayan gona ne, don kada su gumu. Sai na ba ta labarin jirgin albasa. A tsibirin Hokkaido akwai garin Kitami, wanda a noman albasa yake a Japan kamar yadda Aliero take a wurinmu ko Galmi a Nijar. In kaka ta yi, jirgi na musamman ne ke kwasar albasar: tarago 11, kwantena 55, da jan kan jirgi samfurin DF200 ɗaya a gaba ɗaya a baya, saboda hanyar na da hawa mai wuya, kuma a tashar Engaru dole jirgi ya juya akalarsa ya koma ta inda wutsiyarsa take. Ta ce shi take so mu haɗa, kuma ita za ta riƙa jera kwantenonin.

Jirgin albasa na gaske yana fara aiki a watan Agusta, ya tsaya a Afrilu. Namu yana da kan jirgi ɗaya da tarago bakwai zuwa yanzu. Na takwas yana hanya.